Gargaɗi ga masu haɗa jirgin sama a gida: ku kiyayi wani mai sayar da tankin mai a intanet

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, na ga idan na yi shiru wani ya faɗa ramin da na faɗa, da alhakina a ciki.

Akwai wani mutum da ke tallar tankin mai na alminiyom a intanet, haɗe da maɗaurai da ƙafafun da ake kafa shi da su, da notuna da robar shimfiɗa, wai duk an gwada su don ƙananan jiragen da ake haɗawa a gida. Hotunansa tsaf, bakinsa da zaƙi, ya san sunayen kayan aiki kamar wanda ya shekara ashirin a sana'ar. Har hoton takardar shaidar ingancin kayan jirgi ta hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, mai lamba 8130-3 ya turo mini. Da na nemi in biya ta hanyar da ake iya dawo wa mai saye da kuɗinsa, sai ya ce wannan tana da jinkiri, akwai wani da ke jiran tankin, in tura kai tsaye. Na tura.

Da kayan suka iso, tankin sai sheƙi yake yi. Ɓarnar tana wajen abin da zai riƙe shi, kuma a nan nake so ku tsaya ku karanta da kyau.

Tankin na lita 60 ne. Man jirgi 100LL kowace lita tana kai kusan kilo 0.72, wato idan ya cika akwai kilo 43 na mai, ban da nauyin tankin kansa. Wanda bai sani ba zai ce ai wannan ko igiya ta riƙe. Amma jirgi ba a tsaye yake ba. Ƙaramin jirgi na yau da kullum ana lissafa masa ya jure ninki 3.8 na nauyinsa a sama, a nan kilo 43 ya zama 164. A saukar gaggawa kuwa, tsofaffin ƙa'idojin FAA na sashe na 23 suna lissafa ninki 9 zuwa gaba, wato kusan kilo 390 ne zai fizgi maɗauran nan a lokaci guda. Tankina kuma mazauninsa gaban gwiwoyin matuƙi ne, bayan bangon ƙarfen da ke raba inji da mutum.

To, ga abin da aka aiko mini ya riƙe wannan nauyi. Ƙafafu huɗu ne aka yi musu walda kai tsaye a jikin tankin, a kan fatar alminiyom mai sirantaka, babu wani ƙarin faranti a ƙarƙashi da zai baza nauyin. Duk wanda ya taɓa haɗa tanki ya san a gefen walda alminiyom ke yin laushi, kuma a nan jijjigar inji ke fara tsaga shi. Shi ya sa ake kwantar da tanki a kan shimfiɗa mai faɗi, a zagaye shi da maɗauri, nauyin ya bazu. Na sa tabarau mai ƙara girma a kan waldar ƙafa ɗaya, sai ga ƙananan ramuka jere kamar cin gara.

Robar da ya ce ta jirgi ce, na yanki ɗan guntu na jefa a kwalbar fetur da daddare. Da safe ta kumbura, ta yi lugub, ina matsa ta da yatsa tana zubo da mai kamar soso. Shimfiɗar da ake sa wa tsakanin tanki da maɗauri aikinta hana gogayya ne, kuma dole ta zama wadda ba ta shan ruwa ko mai. Mai sha tana riƙe danshi a jikin alminiyom har ya ci shi, idan kuma ta sha fetur ta zama abin da wuta ke nema.

Notunan ma haka. Na jirgi na gaske, irin AN (waɗanda ake ƙerawa bisa ƙa'idar sojojin Amurka), suna da alama a kai, yawanci gicciye ko tauraro. Nasa kawunansu sumul, babu komai. Bakin da tiyon mai ke shiga kuma mai kusurwar digiri 45 ne irin na mota, alhali na jirgi digiri 37 ne. Idan ka haɗa su za su ɗauru kamar lafiya, sai an tashi sama jijjiga ta fara aiki su soma tsiyaya. Na leƙa ciki da tocila, babu shingayen da ke hana mai tumbuɗi daga gefe zuwa gefe, ga shi a hoton tallarsa akwai su. Lambar kayan da ke kan takardar da ya turo ba ta dace da komai a jikin tankin ba, takardar wani abu ce daban.

Abin da ya fi ƙona mini rai, mutumin nan ya san inda ya dosa. Ya san a ƙasashe irin Amurka doka ta sassauta wa mai haɗa jirgi a gida, ba a tilasta masa sayen kaya masu takardar shaida, don haka nauyin tantance tankin a kan mai jirgin yake. Da wannan sassaucin yake farautarmu. Wanda ya ci kuɗinka kawai ya tafi, da sauƙi. Shi kuwa wannan mutumin, kaya yake aiko maka da za ka ɗora a saman ƙafafunka ka tashi da su.

Na rubuta masa da hotuna. Ya ce ni ne ban iya aiki ba, washegari ya toshe ni. Bayan 'yan makonni na ga hotunan nan dai a ƙarƙashin wani suna.

Idan kun riga kun saya daga irin wannan hannu, don Allah kada ku kafa kafin ku gwada. Ku toshe ƙofofin tankin, ku ɗaura balan-balan a bakin numfashinsa, ku hura iska kaɗan, ku bi kowace walda da ruwan sabulu. Iska kaɗan na ce, domin injin iska yana iya kumbura tanki ya lalata shi. Ku jiƙa robar a man da za ku yi amfani da shi. Ku duba kan kowane noti. Sannan ku nemi wanda ya riga ku a aikin ya zo ya gani da idonsa. Ƙungiyar EAA ta masu haɗa jirgi a gida, wadda aka kafa a Amurka a 1953, tana da masu ba da shawara kan irin wannan.

Nawa tankin na huda shi da kaina don kada ya koma hannun wani, na ajiye ƙafa ɗaya da guntun robar nan ina nuna wa duk wanda ya zo ganin jirgin.