Shagon da ofishinmu ke sayen kayan aiki a Tahoua: abin da na gani cikin shekara biyu

Ni ne nake riƙe da sayayyar kayan aiki a ofishin wata ƙaramar ƙungiya a nan Tahoua, kuma shekara biyu ke nan muna ɗaukar takarda, tawada, bik da rajista daga shago guda da ke kusa da babbar kasuwa. Abokan aiki na wasu ofisoshi sun sha tambayata ko su ma su koma can, shi ya sa na ga ya dace in faɗi abin da idona ya gani.

Shagon ba shi ne mafi araha ba. Ƙa'idar ofishinmu ita ce a karɓo farashi daga wurare uku kafin a sayi kaya masu yawa, kuma sau da dama nasa yakan ɗara na sauran da kamar dala ɗari a kan kowane ram na takarda. Abin da ya riƙe mu shi ne faktir ɗinsa. Kowace tana fitowa da lambar NIF ta shagon, wato lambarsa ta rajistar haraji, da harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a rubuce daban, da sunan kowane kaya da adadinsa, ba tare da an cusa kome a ƙarƙashin “kaya iri-iri” ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban masu binciken kuɗi da rasit ɗin hannu marar hatimi, yana zufa yana neman bayani, ya san cewa dala ɗarin nan ba asara ba ce.

Takardarsu ma tana da kyau: A4 mai nauyin giram 80, warƙa 500 a ram, ram biyar a kwali. Na shiga ɗakin ajiyarsu na tarar an ɗora kwalayen a kan katako, nesa da ƙasa, an lulluɓe su da leda saboda ƙurar hunturu da laimar damina. Wannan ne ya sa na'urar buga takardunmu ta daina jan warƙa biyu a haɗe, matsalar da ta addabe mu lokacin da muke sayen mai giram 70 don neman sauƙi.

Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kayan da a da ke shigowa daga Kwatano ta Gaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, farashi kuma ya tashi a ko'ina. A wannan lokacin mai shagon ya cika mana oda a kan farashin da ya riga ya rubuta mana, alhali kaya sun hau kafin mu biya. Ban manta da wannan ba.

Sai dai akwai inda suka gaza. An taɓa kawo mana kartush 85A, wato mazubin tawadar na'urar buga takardu, a kwali mai kama da sabo, wanda ya kamata ya buga kusan shafi 1,600, amma bai kai rabi ba ya fara zana baƙin layi a gefen kowace wasiƙa. Da na duba sai na ga ramin da aka huda aka ɗura garin tawada, an toshe shi da salatif. Na mayar, Alhaji mai shagon ya juya shi a hannu ya ce, “Malam, ka yi haƙuri, mu ma haka aka turo mana.” Ya canza ba tare da gardama ba, amma da ya kamata a gano shi kafin ya bar shago.

Babbar damuwata ita ce alkawarin lokaci. Duk abin da babu a shago daga Yamai ake aiko shi, tafiyar sama da kilomita 500, kuma “gobe in sha Allah” takan zama mako guda. Sau ɗaya rahoton ƙarshen wata ya tilasta mana zuwa wurin masu fotokofi a gari. Yanzu nakan ba da odar tawada tun da sauran kartush ɗaya a sito, kuma ba na sa hannu a takardar karɓar kaya sai an buɗe kwali an ƙirga a gaban yaron da ya kawo.