Queen a 1986 da Rolling Stones a 1990: Wanne Rangadi Ya Fi?

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani ɗan uwanmu ya yi tambaya, ya ce ya ci karo da bidiyo biyu na tsofaffin mawaƙan rok na Ingila, ɗaya na ƙungiyar Queen a birnin Budapest na ƙasar Hangari, ɗaya na Rolling Stones a birnin Prague na tsohuwar Chekoslobakiya. A duka biyun filin wasa ya cika ba masaka tsinke, kuma ko'ina ana cewa sun kafa tarihi a gabashin Turai. Yana so ya san wanne rangadin ne ya fi girma, kuma wanne ya kamata ya fara kashe wa datarsa. To ɗan uwa, ga amsata, sai ka yi haƙuri da tsawonta.

Duka biyun a bazarar Turai aka yi su, kuma da dalili. Daga wajen watan Mayu zuwa Agusta ne mutum ya fi samun damar tara dubban jama'a a fili a can ba tare da sanyi ya kore su ba. Rana kan kai ƙarfe tara na dare ba ta faɗi ba, an tafi hutun ƙwallo, filayen wasa suna zaune babu mai amfani da su. Shi ya sa har gobe manyan ƙungiyoyi suke ɗaura kayansu a manyan motoci su bi garuruwa a wannan lokaci.

Idan girma kake nufi na yawan wasa da yawan kaya, ba sai an ja magana ba, Rolling Stones ne a gaba. Queen sun fara nasu ranar 7 ga Yuni 1986 a Stockholm ta ƙasar Suwidin, suka rufe ranar 9 ga Agusta a Knebworth ta Ingila. Wasa 26 ke nan cikin wata biyu, duk a Turai, ba su leƙa Amurka ba. Wasu ma daga ciki a rufaffen ɗakin taro aka yi su, kamar na Leiden da na Munich. Su kuwa Stones, abin da suka yi a Turai ƙarshen doguwar tafiya ce da ta faro daga Philadelphia a ƙarshen Agustan 1989, ta bi ta Japan inda suka yi dare 10 a Tokyo Dome, sannan ta iso Rotterdam ranar 18 ga Mayu 1990 da sabon suna, Urban Jungle. A Turai kaɗai sun yi wasa sama da 40, suka kammala a filin Wembley na Landan ranar 25 ga Agusta. Jimillar tafiyar wasa 115.

Amma halin da kowace ƙungiya take ciki ya bambanta sosai, kuma a nan ne ni nake ganin amsar take.

Queen sun shigo 1986 tauraruwarsu na tsakiyar haskawa. Shekara guda kafin nan, ranar 13 ga Yuli 1985, a taron Live Aid da aka shirya don tara kuɗin agajin yunwar Habasha, sun yi wasa na kusan minti 20 a Wembley wanda ya dawo musu da martabarsu gaba ɗaya. Da suka dawo filin nan ranakun 11 da 12 ga Yuli 1986, kowane dare mutum wajen 72,000 ne, tikiti kuma ya ƙare har sai da aka ƙara wasan Knebworth, inda aka ƙiyasta mutum 120,000 ko fiye. Su huɗu ne: Freddie Mercury a waƙa, Brian May da jitar da shi da mahaifinsa suka ƙera da hannunsu a gida, John Deacon a jitar bes, Roger Taylor a kan ganguna. Mutum ɗaya suka ƙara, Spike Edney, yana taimaka musu da fiyano da abin da ya sawwaƙa. Freddie yana da shekara 39, muryarsa na nan da ƙarfinta. Ga wanda bai sani ba, a Zanzibar aka haife shi a 1946, sunansa na yanka Farrokh Bulsara, iyayensa 'yan asalin Indiya ne, juyin juya halin 1964 ne ya sa suka koma Ingila.

Stones kuwa daga sulhu suka fito. Rabonsu da rangadin Turai tun 1982. A tsakiyar shekarun 1980 mawaƙinsu Mick Jagger da mai jita Keith Richards ba sa ga maciji da juna, Jagger ya tafi yana fitar da faifansa shi kaɗai, Richards yana caccakarsa a jaridu, har mutane suka fara cewa ƙungiyar ta mutu. Sai a farkon 1989 suka haɗu a Barbados suka daidaita. Lokacin da suka iso Turai Jagger yana dab da cika 47, Bill Wyman mai jitar bes yana da 53. Suka zo da runduna: masu fiyano biyu, masu busa, cikinsu har da tsohon abokinsu Bobby Keys, da masu taya waƙa. Dandamalin da Mark Fisher ya zana musu gini ne sukutum, da manyan karnukan roba da ake hura wa iska su miƙe a gefe. Komai a tsare yake, an auna shi, an gwada shi. Ko a haka ma tafiyar ba ta rasa cikas ba, domin a watan Yuli yatsan Richards ya ɗauki ciwo, dole aka ɗage wasu wasannin, ciki har da dare biyu na Wembley, wanda shi ya sa rangadin ya ƙare a can a ƙarshen Agusta.

Ba ina raina su ba ne. Charlie Watts a kan ganguna mutum ne da ba ya gaggawa kuma ba ya latti, yana zaune a natse yana riƙe da ƙungiyar duka. Sai dai idan ka kalli Stones na 1990, rabin abin da ke ɗaukar idonka kayan da aka kewaye su da shi ne. Idan ka kalli Queen na 1986, mutum ɗaya ne da guntun sandar makirfo a hannu yake juya filin ƙwallo. Akwai wurin da kiɗa yake tsayawa cak, Freddie ya jefa wa jama'a sauti ba kalma, su mayar masa, ya ja shi ya tsawaita, su bi shi, ya gajarta ya hanzarta, su sake bi, kamar dai makaɗin fada da 'yan amshinsa, sai dai 'yan amshin nan dubu saba'in ne kuma ba a taɓa yin gwaji da su ba. Wannan ba abin da kuɗi ke saye ba ne, kuma Stones ba su da irinsa a wancan rangadin.

Yanzu ga dare biyun da ka tambaya a kansu.

Queen sun yi wasa a Népstadion ta Budapest ranar 27 ga Yuli 1986, gaban mutum kusan 80,000. Ta kogin Danube suka shigo garin a jirgin ruwa daga Vienna. A lokacin Katangar Berlin na tsaye, sojojin Tarayyar Sobiyet na cikin Hangari, János Kádár wanda ya hau mulki bayan murƙushe boren 1956 shi ne har yanzu a kai. Matasa sun zo har daga ƙasashen gurguzu na maƙwabta. Abin da ba a mantawa a daren shi ne lokacin da aka rage fitilu, Brian May ya ɗauki jitar katako, Freddie ya rera wata tsohuwar waƙar gargajiya ta Hangari da harshensu. Ya rubuta baitukan a tafin hannunsa, kana ganinsa a fim yana buɗe hannun yana dubawa. Kafin ya yi nisa filin duka ya karɓe waƙar. Baƙo ya zo garinku da suna da dukiya, ya zauna ya koyi waƙar da kakanninku suke yi, ya tsaya gabanku yana lalube a cikinta don ya girmama ku. Duk sanda na kalli wurin nan sai ya taɓa ni.

To amma akwai maganar da ake yawan yi wadda ban yarda da ita ba, wai Queen ne suka fara kai rok ƙasashen gurguzu. Ba haka ba ne. Su Stones ɗin ma sun yi wasa a Warsaw tun watan Afrilun 1967, Elton John ya je Tarayyar Sobiyet a 1979, Iron Maiden sun bi Poland da Hangari a 1984. Hangari ta Kádár kuma ita ce ta fi sassauci a yankin, gwamnati ce ta buɗe ƙofa don ta nuna wa duniya ita daban ce. Abin da Queen suka yi sabo shi ne girman taron da irin kayan da suka shigo da su.

Prague labarinta dabam ne, kuma ya fi nauyi. A daren 20 wayewar 21 ga Agusta 1968 tankokin ƙawancen Warsaw, wato ƙawancen sojin ƙasashen gurguzu, suka shiga Chekoslobakiya suka murƙushe yunƙurin sassauci. Shekaru 20 da suka biyo baya, kiɗan rok abin tuhuma ne a ƙasar. A 1976 aka kama 'yan wata ƙungiyar kiɗa ta gida, Plastic People of the Universe, da wasu abokansu, aka gurfanar da su, wasu suka sha ɗauri. Wannan shari'a na cikin abin da ya harzuƙa marubuta da masana suka fitar da takardar koke ta Charter 77, kuma ɗaya daga cikin jagororinta shi ne marubucin wasan kwaikwayo Václav Havel, wanda shi ma daga baya ya yi shekaru a kurkuku. A Nuwamban 1989 jama'a suka fito tituna, gwamnatin gurguzu ta faɗi, ranar 29 ga Disamba Havel ya zama shugaban ƙasa.

Wata takwas bayan haka, ranar 18 ga Agusta 1990, saura kwana kaɗan a cika shekara 22 da shigowar tankokin, Stones suka hau dandamali a filin Strahov gaban mutum sama da 100,000. Shi kansa filin abin dubawa ne. An gina shi don motsa jiki na taron dangi, faɗinsa ya kai filin ƙwallo takwas, kuma a nan gwamnatin gurguzu take jera dubban matasa cikin kaya iri ɗaya suna ɗaga hannu da ƙafa a tare a gaban shugabanni, na ƙarshe a 1985. Takardun tallan wasan suna cewa tankoki na fita, Stones na shigowa, kuma gaskiya ne, domin sojojin Sobiyet na cikin kwashe kayansu, ba su gama ba sai Yunin 1991. Havel ya karɓi mawaƙan a fadar shugaban ƙasa, ribar wasan kuma aka ba gidauniyar taimakon naƙasassu da marasa galihu ta matarsa Olga. Mutanen da suka cika filin nan da yawansu sun girma suna sauraron waƙoƙin a ɓoye, a kaset da aka kwafa daga kaset. Kwana biyar kafin nan Stones sun yi dare biyu a Berlin ta Gabas, babban birnin Jamus ta Gabas, ƙasar da ta rage mata makonni kaɗan ta narke cikin haɗaɗɗiyar Jamus.

Saboda haka idan nauyin tarihi kake nema, babu daren Queen ko ɗaya da ya kai na Prague. Sai dai ka lura, nauyin nan mutanen Prague ne suka kawo shi, su da suka sha wahalar, su suka kayar da gwamnatin. Stones sun zo ne an riga an yi nasara, aka yi shagalin da su. A Budapest kuwa abin da ya sa ake tuna daren, a kan dandamali ya faru.

Akwai abin da ba zan tsallake ba tunda mu 'yan Afirka ne. A 1984 Queen sun je sun yi wasa a Sun City, a yankin Bophuthatswana da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta ƙirƙira, alhali Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira ga mawaƙa su ƙaurace wa ƙasar, Mandela kuma yana tsare. Ƙungiyar mawaƙan Birtaniya ta ci su tara. Sun kare kansu da cewa su ba 'yan siyasa ba ne, kuma masu kallonsu a gauraye suke. Ni ban gamsu da wannan uzuri ba, kuma shi ya sa ba na son a riƙa yi musu kirarin 'yan gwagwarmayar 'yanci saboda Budapest. Gwanaye ne da suke zuwa inda aka kira su.

Duk da haka, a matsayin rangadin kiɗa, na Queen na zaɓa, kuma da shi nake ba ka shawarar farawa. Ba wanda ya sani a lokacin, amma Knebworth ne wasan ƙarshe da su huɗun suka yi tare. A ƙarshen wasa a wannan tafiya Freddie yakan fito da jar alkyabba mai jan ƙasa da kambi a hannu, ya ɗaga wa jama'a. Bayan 9 ga Agusta bai sake yin wasa a dandamali da ƙungiyar ba. Ranar 23 ga Nuwamba 1991 ya sanar cewa yana ɗauke da cutar ƙanjamau, washegari ya rasu yana da shekara 45. A daren na Knebworth ma an yi rashi, an daɓa wa wani matashi wuƙa a cikin cunkoso, ya mutu kafin a kai gare shi da taimako. A ɓangaren Stones, 1990 ce tafiyar Bill Wyman ta ƙarshe, ya bar su a 1993, sauran kuma suka ci gaba da zagaya duniya shekaru da dama, har bayan rasuwar Charlie Watts a 2021. Wanda yake son ganin Stones yana da rangadi barkatai da zai zaɓa, wasu ma sun fi na 1990 daɗin kiɗa.

Ta fuskar data ma Budapest ta fi cancanta. Ma'aikatan fim na Hangari ne suka ɗauke shi da kyamarorin sinima, aka gyara shi aka sake fitarwa a 2012, hoto da sauti garau. Na Prague ɗaukar talabijin ce ta wancan zamani, ka kalle ta don fuskokin jama'a. In kuma Stones na 1990 kake so ka gani da kyau, ka nemi fim ɗin da aka ɗauka da kyamarar IMAX a Turin da Berlin da Landan, wanda ya fito a 1991. Sai dai kada ka kunna shi a gaban yara, domin akwai wurin da ake hura manyan mutum-mutumin mata na roba a gefen dandamali, shigarsu ba ta dace da falon gida ba.