LinkedIn: Abin Da Na Gani Cikin Wata 7 Na Neman Aiki

Ni akanta ce. Lokacin da aka rage ma'aikata a wurin aikina, shafina na LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, ko hoto babu. Na zauna na cike shi tsaf, na kunna koren zoben nan da ke zagaye hoto yana nuna mutum na neman aiki, wanda aka ɓullo da shi a 2020. Da farko na ji nauyin sa shi, amma rashin aiki ba abin kunya ba ne.

Watannin farko a maɓallin nema nan take na ƙare su. Yana da sauƙi ƙwarai: dannawa biyu ko uku, takardunka sun tafi. Sai dai yadda ya yi mini sauƙi haka ya yi wa kowa, a dandalin da masu rajista suka haura biliyan 1 tun 2023. Yawancin kamfanonin da na nema ko "mun gani" ba su ce ba. Wannan shirun ya fi a ce ba a ɗauke ka ba ciwo.

Daga baya na fahimci masu ɗaukar ma'aikata bincike suke yi da kalmomi, kamar mai neman kaya a rumbu. Da na cire "mai ƙwazo da riƙon amana" na rubuta sunayen manhajojin lissafin da na iya, da irin rahotannin da nake haɗawa, sai saƙonni suka fara shigowa.

Aikin da na samu kuwa ta hannun wata baiwar Allah ya zo. Kwana uku kacal muka taɓa yi tare a wani horo, shekaru baya. Ta ga zoben, ta rubuto cewa ofishinsu na neman akanta, ba a ma tallata gurbin ba tukuna. Aminaina sun so taimaka mini, amma duk inda suka sani ni ma na sani. Ita ce ke da labarin da ba ni da shi. Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya bayyana haka tun 1973, kuma a 2022 mujallar Science ta buga binciken da aka yi kan masu amfani da LinkedIn sama da miliyan 20, wanda ya nuna sanin nesa-nesa ya fi amintaka ta ƙut-da-ƙut kai mutum ga sabon aiki. A nan ne dandalin ya fi burge ni, domin yana riƙe maka mutanen da da tuni kun ɓace wa juna.

Ban biya kuɗin Premium ba, na kyauta ya ishe ni. A kiyayi masu turo tayin aiki suna neman kuɗin fom ko na horo. 'Yan damfara ne. Sannan mai ɗaukarka zai iya karanta duk abin da ka wallafa, har da martanin da ka mayar cikin fushi. Ranar ganawa, shugabar sashen ta fara ne da tambayata kan wani ɗan rubutu da na yi game da rufe lissafin ƙarshen wata.