Tomcat ko WildFly: abin da na gani bayan na gwada su

Manhajar da nake kula da ita ba wata babba ba ce. Ana shigar da bayanan ma'aikata, ana bincika su, a ƙarshen wata a fitar da rahoto. Da Java aka rubuta ta, bayanan kuma suna zaune a rumbun bayanai na PostgreSQL. Da aka ce in zaɓo sabar da za ta ɗauke ta, sai na ɗora ta a kan WildFly, daga baya na mayar da ita kan Tomcat.

WildFly kaya ne cikakke. Shi ne wanda aka sani da JBoss a da, kuma kamfanin Red Hat ne ya daɗe yana bayansa. Kusan duk abin da tsarin Jakarta EE, wato ƙa'idojin gina manyan manhajojin Java, ya tanada yana ciki, har da jerin gwanon saƙonni da hanyar rubuta bayani a rumbuna biyu lokaci guda, ta yadda ko dai duka su karɓa ko duka su fasa. Abin da ya fi burge ni shi ne shafinsa na gudanarwa da ke buɗewa a ƙofa ta 9990. Nan za ka saita haɗi da rumbun bayanai, ka danna maɓallin gwaji, nan take ya gaya maka ko ya shiga. Sai dai kafin ka kai nan sai ka girka direban PostgreSQL, wato abin da ke haɗa Java da rumbun, bisa tsarin WildFly, kuma fayil ɗin saitinsa, standalone.xml, doguwar hanya ce ga baƙo. Da na zauna na lissafa, manhajata ba ta taɓa ko rabin abin da yake ɗauke da shi.

Tomcat kuwa ba ruwansa da wannan duka. Ka jefa direban a jakar lib, ka jefa fayil ɗin WAR, wato ƙunshin manhajar, a jakar webapps, ka tashe shi, shi ke nan. Abu ɗaya da za a kula: daga Tomcat 10 sunayen da ke farawa da javax a cikin rubutun manhaja sun koma jakarta, don haka tsohuwar manhaja sai an yi mata gyara, ko a bar ta a kan Tomcat 9.

Inda na sha wuya ba laifin ko ɗaya daga cikinsu ba ne, nawa ne. Tomcat yana zuwa da damar sauraron buƙatu 200 a lokaci guda. Sai na ce to, bari in ba kowace buƙata layinta na shiga rumbun, na saita 200. Na manta PostgreSQL 100 kawai yake karɓa idan ba ka taɓa saitinsa ba. A ranakun da aiki ba yawa, lafiya lau. Ranar fitar da rahoto kowa ya hau, shafuka suka fara dawo da kuskure, rumbun yana cewa masu shigowa sun yi yawa. Har na fara zargin Tomcat, ina cewa da na sani na zauna a WildFly.

Ashe maganin ragewa ne, ba ƙari ba. Kowane layi da aka buɗe wa PostgreSQL aiki ne mai zaman kansa da ke cin ƙwaƙwalwar na'ura, in sun yi yawa sai su riƙa tare wa juna hanya. Na koma HikariCP, mai kula da layukan shiga rumbun, wanda ke farawa da layuka 10, na ɗan ƙara kaɗan a kai. Buƙatu suna ɗan jiran layi, amma ba wanda ya sake ganin shafin kuskure, rahoton ma ya fi fita da sauri.

A kan Tomcat na tsaya. Ina kewar maɓallin gwajin nan na WildFly, gaskiya, kuma ranar da aka ce manhajar ta riƙa aika saƙonni zuwa wani tsarin daban, zan sake buɗe standalone.xml in duba.