Rubutun Ibrananci ko Fassarar Saba'in: Wanne Ya Fi Kusa da Asali?

Ɗan'uwa, ka ce ka ji wani mai koyarwa yana cewa kowace fassara ɓata ce, wanda yake son ainihin Tsohon Alkawari sai ya koma Ibrananci. Sai kuma ka ji wani ya ce a'a, manzanni da fassarar Helenanci suka yi wa'azi, saboda haka ita ce abin dogara. Kana so ka san wa ke da gaskiya. To, kafin a yanke hukunci sai an san su wane ne ke shari'ar, domin abin da mutane ke kira "Ibrananci na asali" ba abin da suke zato ba ne.

Ibranancin da ke cikin manhajar Littafi Mai Tsarki ta wayarka shi ne rubutun Masora. Masorawa malaman Yahudawa ne da suka yi aiki tsakanin ƙarni na 7 da na 10 bayan haihuwar Almasihu, shahararrunsu kuma a Tibariya suke, a bakin Tekun Galili. Cikakken kwafinsu mafi tsufa da ke hannu shi ne na Leningirad, wanda aka rubuta a Alkahira wajen shekarar 1008, kuma a kansa aka gina bugun Ibrananci da masu fassara ke amfani da shi yau. Akwai na Halab wanda ya girme shi, na wajen 930, amma wani babban sashensa ya salwanta bayan tarzomar 1947. Ka lura da tazarar: tsakanin annabi Ishaya da kwafin Leningirad akwai shekara fiye da 1,600.

Ita kuwa Fassarar Saba'in, wato fassarar Helenancin nan, wadda masana ke kira Saftuwajint, a Iskandariya ta Masar aka fara ta a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, don Yahudawan da Helenanci ya zame musu harshen gida. Sunan ya fito daga labarin da ke cewa dattawa 72 ne suka fassara Attaura a zamanin sarki Batlamiyus na biyu, aka taƙaita lambar zuwa saba'in. Sauran littattafan daga baya aka yi ta fassara su, hannu daban-daban, cikin ƙarnoni. Ita fassara ce, ba shakka. Amma fassara ce ta wani kwafin Ibrananci da ya girmi na Masorawa da shekara fiye da dubu. Ga inda maganar ta rikice ke nan: ɗaya yana cikin harshen asali amma kwafinsa na baya-bayan nan ne, ɗayar kuma tana cikin baƙon harshe amma ta ga tsohon rubutu da idonta.

Wanda ya yi karatun allo ko ya taɓa karanta ajami ba sai an wahala wajen yi masa bayanin wasali ba. Tsohon Ibrananci baƙaƙe ne zalla, mai karatu shi ke sa wasali daga abin da ya ji a bakin malaminsa. Masorawa ne suka zo suka ɗiga wasulan a rubuce. Duba Farawa 47:31, inda Yakubu ya sa Yusufu ya rantse masa. Baƙaƙen kalmar abin da Yakubu ya sunkuya a kansa iri ɗaya ne, amma Masorawa sun yi mata wasalin da ya ba da "gado", masu Saba'in kuma suka karanta ta "sanda". Yanzu buɗe Ibraniyawa 11:21, za ka tarar Yakubu ya yi sujada yana jingine a kan sandarsa. Marubucin wannan wasiƙa ya bi Saba'in ne. Haka Istifanas a Ayyukan Manzanni 7:14 ya ce mutum 75 ne na gidan Yakubu suka gangara Masar, alhali rubutun Masora a Farawa 46:27 yana cewa 70. Saba'in ce ke da 75. Duk wanda ya ce maka fassara haramun ce, ka tambaye shi yadda zai yi da waɗannan ayoyi biyu.

Da daɗewa masana da yawa suna ɗauka cewa duk inda biyun suka saɓa, masu fassarar ne suka yi sakaci. Abin da ya sauya wannan tunani shi ne naɗaɗɗun littattafan da aka fara ganowa a 1947 a kogunan Kumran, kusa da Tekun Gishiri, har aka kai kogo 11 a 1956. Yawancinsu rubuce-rubucen Ibrananci ne na kafin zamanin Yesu da na zamaninsa, kuma abin mamaki, sun ba kowane ɓangare shaida.

Ga abin da suka ba Saba'in. A 1 Sama'ila 17:4 rubutun Masora ya ce tsayin Goliyat kamu shida ne da taƙi, wato kusan mita 3. Saba'in ta ce kamu huɗu da taƙi, wajen mita 2. Kwafin Sama'ila na Kumran, da Ibrananci, huɗu ya ce, haka ma Yusifus masanin tarihi na ƙarni na 1. Har yanzu ƙato ne a gaban yaro makiyayi, amma ƙato irin wanda ido ya saba gani. Sai Zabura 145, wadda aka tsara bisa jerin baƙaƙen Ibrananci 22, kowace aya da harafinta. A rubutun Masora babu ayar harafin nun, an tsallake ta. Saba'in tana da ita, kwafin Zabura na kogo na 11 ma yana da ita, shi ya sa wasu fassarorin zamani suka maido da ita a ƙarshen aya 13. Mafi girma shi ne Irmiya. Na Saba'in ya gaza na Masora da kusan kashi ɗaya cikin takwas, jerin surorin ma ya bambanta, kuma Irmiya 33:14-26 babu shi sam. An daɗe ana cewa mai fassarar ne ya yanke. Sai ga guntun Irmiya da Ibrananci a kogo na 4 yana bin gajeren tsarin. Ashe littafin ya yi yawo a siga biyu tun a Ibrananci, mai fassarar abin da ke gabansa ya fassara.

Amma kada ka yi saurin tafa wa Saba'in. Babban naɗin Ishaya na kogo na 1, mai surori 66 cif, wanda aka rubuta a ƙarni na 2 kafin haihuwar Almasihu, ya yi daidai da rubutun Masora a kusan komai, yawancin bambancin na rubutun kalma ne da ƙananan abubuwa. Waɗanda aka samu a Masada da Wadi Murabba'at, wasu wurare a yankin Tekun Gishiri, kuwa kusan harafi da harafi suke tafiya da shi. Ma'ana Masorawa ba ƙirƙira suka yi ba, gado suka karɓa suka tsare shi da tsananin da ya kai ga ƙirga kalmomi da haruffa. Saba'in ba ta da wannan daidaito. Fassarar Attaura an yi ta da kula. Ta Ishaya sakakkiya ce, mai fassarar yakan faɗi abin da ya fahimta maimakon abin da aka rubuta. Ta Ayuba ta gajarta da kusan kashi ɗaya cikin shida. Ta Daniyel kuwa ikilisiyar farko da kanta ta ajiye ta ta ɗauki ta Tiyodotiyon, wani mai fassara zuwa Helenanci na baya. Don haka idan wani ya ce "Saba'in ta ce", tambaya ta farko ita ce, a wane littafi?

Ni dai ga inda na tsaya. Rubutun Masora shi ne tushe, domin shi kaɗai ne cikakke a harshen asali, kuma an gwada shi da tsofaffin kwafi ya tsaya. Saba'in babbar mai shaida ce da ake kira a duk aya mai wuya, kuma idan Kumran ta goyi bayanta, sau da yawa ita nake bi. Masu fassara na gaskiya haka suke yi, kuma ba a ɓoye ba, shi ne ƙananan bayanan nan na ƙasan shafi da yawancinmu ke tsallakewa. Abin da ba na yarda da shi shi ne mutum ya danna kalma a manhaja, ya ga lambar Strong, wato lambar da littafin Strong ya ba kowace kalmar asali, ya zaɓi ma'anar da ta yi masa daɗi cikin biyar, ya hau mumbari ya ce an ɓoye mana gaskiya. Littafin Strong na 1890 jagora ne na neman inda kalma take, ba ya koya wa kowa nahawu.

Wannan gardama ma ba yau aka fara ta ba. Lokacin da Jerom, malamin ikilisiyar farko, yake Baitalami yana fassara Tsohon Alkawari zuwa Latinanci kai tsaye daga Ibrananci, Agustin bishop na Hippo, a Aljeriya ta yau, bai ji daɗi ba. A wasiƙarsa ta shekarar 403 ya ba Jerom labarin abin da ya faru a Oya, garin da ya zama Tarabulus ta Libiya. Bishop ya karanta sabuwar fassarar Yunusa a sujada, jama'a suka ji tsiron da ya yi wa annabin inuwa ya tashi daga duman da suka sani ya koma wani tsiro mai hawa bango. Ikilisiya ta hargitse, har sai da bishop ya nemi Yahudawan garin su raba gardama, daga ƙarshe ya koma tsohon karatu don kada ya rasa garkensa. Masana da yawa yau suna ganin zurma ce, wato ba duman jama'a ba, ba kuma tsiron Jerom ba.

Akwai kuma inda duka biyun suka bar ka a hanya, kuma ya kamata ka san shi kafin wani ya nuna maka don ya girgiza ka. A 1 Sama'ila 13:1 rubutun Masora, in an bi shi yadda yake, cewa ya yi Saul yana da shekara ɗaya sa'ad da ya zama sarki, ya kuma yi mulki shekara biyu. A fili yake lambobin sun faɗi daga hannun wani mai kwafi tun da daɗewa. Manyan kwafin Saba'in ba su da ayar gaba ɗaya, wasu na baya suka sa 30. Bulus kuma a Ayyukan Manzanni 13:21 ya ce Saul shekara 40 ya yi yana sarauta. Duk lambar da ba ɗaya da biyun nan ba da ka gani a wannan aya cikin Littafi Mai Tsarki naka, na Hausa ne ko na Turanci, mai fassara ne ya auna shaidun nan ya cike gurbin.