Na kai motar da nake zuwa aiki da ita filin tsere na Brands Hatch, ga yadda na ga abin

Tun da na saka hoton motata da hular kwano a kan bonet mutane ke ta tambayata wai tsere na fara? A'a, ba tsere ba ne. A nan Ingila akwai kamfanonin da ke ɗaukar hayar filin tsere na yini guda su sayar wa irinmu gurbi, ka zo da motarka ta gida, wadda kake kai yara makaranta da ita, ka yi gudu iya son ranka ba kyamara ba ɗan sanda. Ba na ɗaya ba na biyu, kai auna lokaci ma haramun ne, in suka ganka da agogon auna zagaye sai su fitar da kai.

Filin yana Kent, ba nisa da Landan. Tsakanin 1964 da 1986 nan ake yin babbar gasar Formula 1 ta Birtaniya, suna karɓa-karɓa da filin Silverstone. Mu gajeren zagayen muka hau wanda ake kira Indy, mil 1.2 kacal, kafin ka ankara ka dawo inda ka fara.

Da sassafe ake yin rajista, a duba lasisinka, a kai motarka wajen auna ƙarar salansa saboda akwai gidajen mutane kusa, in ta wuce ƙa'ida ba za ka shiga ba ko ka biya. Daga nan a tara ku a yi muku bayanin tutoci, rawaya ka sassauta kar ka wuce kowa, ja kowa ya rage gudu ya koma ciki, baƙa kuwa kai ake kira ka zo ka yi bayani. Wucewa ta hagu kawai, a miƙaƙƙiyar hanya, kuma sai na gaba ya sa sigina ya ba ka hanya. Gaskiya wannan tsarin ya kwantar min da hankali sosai, domin akwai masu Porsche a wurin, akwai 'yan Mazda MX-5 da Clio, ga ni da motar cefane, amma babu wanda ya matsa min.

Toh sai kwanar farko, Paddock Hill. Wallahi bidiyo bai nuna komai ba. Kana zuwa da gudu ba ka ganin inda kwalta ta nufa, sai ka karya dama motar ta zube gangare, cikinka ya biyo baya, a ƙasa kuma ka ji an danna ka cikin kujera kafin ka haura zuwa kwanar Druids inda za ka taka birki da ƙarfi ka juyo kamar za ka koma inda ka fito. A gefen hagu tsakuwa ce shimfiɗe tana jiran wanda ya yi gaggawa, kuma ta samu, na ga janwe ya fito da wata mota tsakuwa na zuba daga ƙarƙashinta.

Abin da nake so duk mai sha'awa ya ji shi ne maganar birki. Injin bai ba ni matsala ba ko kaɗan, birki ne ke fara gajiya. Motar titi ba a yi ta don a riƙa taka ta da ƙarfi kowane sakan ashirin ba. Man birki yana shan ruwa daga iska in ya daɗe, sabon man birki nau'in DOT 4 sai ya kai digiri 230 na ma'aunin Celsius kafin ya tafasa amma wanda ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155, kuma in ya tafasa za ka taka ka ji feda ta yi laushi tana tafiya ƙasa. Ni bakanike ya canja min man da takalman birki kafin ranar, duk da haka bayan kamar kwata na awa sai na fara jin warin ƙauri, dole in yi zagaye ɗaya a hankali don iska ta sanyaya su sannan in shiga. In ka faka kar ka ja birkin hannu, bar ta a giya, saboda faifan yana da zafin da zai iya kama takalmin. Taya ma iskarta hawa take in ta yi zafi, sai kana aunawa kana ragewa, kuma tayar gaba ta hagu ita ke shan wahala tunda kusan duk kwanonin dama ne, tawa gefenta ya cinye sosai.

Kuɗin da na fi jin daɗin kashewa shi ne na malamin tuƙi da ya zauna gefena na minti ashirin. Dattijo ne, ba ya ɗaga murya, kawai yana cewa ɗaga idonka, kalli inda za ka fita ba gaban bonet ba, gama birki kafin ka juya sitiyari, kar ka danna totur sai ka fara miƙewa. Bayan ya sauka motar ta daina kuka a kwana, ni ma na daina gumi.

Abin da bai min ba, kamfanin da ya shirya ranar ya cika motoci da yawa ga ɗan gajeren fili, da safe rabin lokacin ina kallon madubi ne, kuma jar tuta ta yi ta cin lokacinmu. Sai bayan azahar da wasu suka tafi aka samu sarari. Sannan inshorar motarka ta titi galibi ba ta aiki a cikin fili, in ka buga kai za ka gyara, in wani ya buge ka ma haka, akwai inshora ta musamman ta yini guda kuma na saya duk da tsadarta. Mai kuwa kar a yi magana, tanki ya tafi kafin la'asar.

Zan koma insha Allahu, amma zan nemi ranar da aka ware wa sababbi, kuma zan sake biyan malamin. Wanda zai je ya cire komai daga cikin mota har robar ruwa da tabarmar ƙafa, ya ɗaura ƙugiyar janwe tun daga gida, ya duba baƙin mai, ya tafi da ma'aunin iska da riga mai dogon hannu, hular kwano kuwa ana bayar da haya a can.