GARGAƊI: mai sayar da sisin gwal na kofin duniya ya cuce ni dubu 900 a Zariya

Jama'a wallahi kwana huɗu ke nan ina rubuta wannan abin ina gogewa saboda kunya, amma yau na ce ko dariya za a yi min sai na faɗa. Dubu ɗari tara. Naira 900,000 cur, adashina na wata goma da na kwasa haɗe da ribar atamfa, wani yaro mai farar shadda da hula zanna ya karɓe a hannuna ina murmushi har da yi masa godiya.

Kuma kafin wani ya zo min da zancen kwaɗayi mabuɗin wahala, ku dakata. Shekarata 16 ina sayar da atamfa da leshi a Tudun Wada ba a taɓa cin kwabona ba, gwal kuma ba yau na fara riƙe shi ba, sarƙar da ke wuyana da kaina na zaɓo ta a Makka, na san karat 18 na san karat 21 da ido. Ni ba yarinya ba ce. So nake na ajiye wa 'yata wani abu kafin bikinta tunda naira kullum zubewa take, shi ke nan laifina.

A wani guruf na 'yan kasuwa a WhatsApp na ga tallar, wai sabon sisin gwal da na azurfa da gwamnatin Amurka ta buga don tunawa da gasar kofin duniya ta 2026, wai yayansa ne ke can yake turo masa. Abin da ya kashe ni shi ne takardar da ya zo da ita, don takardar gaskiya ce, ɗana ya duba a intanet ya ga haka ƙa'idar take. Na gwal mai dala biyar nauyinsa giram 8.359, faɗinsa milimita 21.6, kashi 90 cikin ɗari gwal. Na azurfa mai dala ɗaya giram 26.73, faɗi milimita 38.1, azurfa kashi 99.9. Duk daidai. Har cewa ya yi Hajiya ai ba yau suka fara ba, a 1994 ma da suka karɓi gasar sun buga irinsa, shekarar da Rashidi Yekini ya ci Bulgeriya ya riƙe raga yana ihu, wannan ma gaskiya ne, maigidana har yau bai daina ba mu labarin ƙwallon nan ba.

A Kwangila muka haɗu, a'a tsaya, farko shagona ya fara zuwa ranar wata Talata ya nuna min kawai bai nemi ko sisi ba, har aka kira azahar ya ce bari ya je ya yi salla ya bar min jakar. Ya bar min jakar fa jama'a! Haɗuwar Kwangila daga baya ce, ranar da na biya. To a shagon ne ya ciro ɗan sikeli irin na masu gwal, ya sa safar hannu, ya buɗe robar da sisin ke ciki ya ɗora shi, na leƙa na ga 8.36. Na dubi takarda 8.359, na dubi sikeli 8.36. Wallahi wannan lambar ita nake gani in na rufe ido, 8.36, nan take zuciyata ta kwanta. Ya ɗauko maganaɗisu ya kara masa bai kama ba, ya ce Hajiya kin gani, ya mayar cikin roba ya rufe, wai kada a taɓa da hannu darajarsa za ta faɗi. Ban riƙe shi tsirara a hannuna ko sau ɗaya ba. Ni da na san nauyin gwal a tafin hannu.

780,000 na gwal, 120,000 na azurfa guda biyu, dubu 900 ke nan. Na tura ta waya, sunan da ya fito a akawun ba wanda ya faɗa min ba ne, ya ce na yayan nasa ne, na ce to. Na ce TO.

Sai bayan sati biyu, ko uku ne ma, na shiga kasuwar Sabon Gari gyaran ɗan kunne, na ce bari na nuna wa dattijon da nake kai wa gwal, ba don ina zargi ba wallahi, burga kawai na so na yi. Yana zare shi daga roba ya juya shi ta gefe ya yi shiru, ya ce Hajiya nawa kika ba da. Ya goga a dutse ya ɗiga asid, zanen ya ɓace ƙaf kamar ba a taɓa yi ba. Tagulla ce aka yi wa ruwan gwal. Ya ce ai gwal ya ninka tagulla nauyi har da ɗori, in girmansu ɗaya ne, inda zallan gwal ya kai giram 19.3 tagulla ba ta kai 9 ba, don haka in maƙaryaci na son nauyi ya zo daidai da faɗi daidai dole ya ƙara kauri, nawa kaurinsa ya kusa biyun na gaske, roba ce ta ɓoye. Maganaɗisu kuma ba ya kama tagulla dama, gwajin banza aka yi min. Na azurfan da yaron bai gwada a gabana ba, dattijon nan na kara musu maganaɗisu suka manne ɗaf, ƙarfe ne zalla, azurfa ba ta kamawa. Ƙafafuna suka mutu a kan benci.

Abin da ya fi ƙona min rai, ɗan katin da ke cikin akwatin an rubuta 999.9, wato gwal tsantsa karat 24, takardar kuma ta ce kashi 90. Hannuna na dama kati na hagu takarda suna ƙaryata juna, ban gani ba saboda idona na kan sikeli. 8.36. Kuma ɗana ya faɗa min tun ranar, ya ce Umma irin waɗannan gidan buga kuɗin gwamnatin Amurka ne da kansa ke sayarwa, sun fi kuɗin gwal ɗin da ke ciki tsada don har ƙarin dala 35 ake ɗorawa kan na gwal, dala 10 kan na azurfa, ta yaya wani a Zariya zai ba ki ƙasa da farashin giram bakwai da rabi na gwal? Na ce masa yaron gaggawar kuɗi yake, mahaifiyarsa ce ba lafiya. Ni na kare shi da bakina. Amma ku faɗa min tsakani da Allah, mutumin da ya bar miki jakarsa ya tafi masallaci, wa zai zarge shi?

Layinsa a kashe, ya fita daga guruf, shagon da ya ce nasu ne a PZ na je da kaina babu wanda ya taɓa jin sunansa. Na kai ƙara wajen 'yan sanda na kuma sanar da banki. Hotunan hirarmu, rasit ɗin tura kuɗi, hoton sisin a kan dutsen gwaji, duk suna wayata, zan ɗora su anjima in ɗana ya dawo daga Samaru ya rufe min lambobin da bai kamata a gani ba. Muryarsa ma ina da ita yana cewa Hajiya ke uwa ce a wajena.

Kada ku sayi sisin gwal a cikin roba. Ku kai wa mai gwal ɗinku ya auna nauyi da faɗi da kauri ya goga a dutse kafin ku tura ko naira ɗaya, wanda ya ƙi ku bar masa kayansa.

Dubu ɗari tara jama'a, wata goma ina zubi. Allah ya isa tsakanina da yaron nan. Maigida har yanzu bai sani ba, jiya ma sai da ya tambaye ni ina na ajiye gwal ɗin yarinya, na ce yana cikin akwati.